Ƙarfen Dafawa a Matakalar Doña Libia

Duk ranar Litinin da safe, kafin ma'aikata su watse, Nubia Ossa ce sarauniya a kamfanin gyaran gidaje na Don Aicardo. Takan kunna babban allon da ke jikin bango, ayyukan kamfanin su bayyana gaba ɗaya, kowane aiki da katinsa, an jera su sahu uku: masu jira, waɗanda ake kai, da waɗanda aka gama. Katin da ke da sauran lokaci kore ne. Idan ranarsa ta matso sai ya koma ruwan ɗorawa, idan ta wuce ya yi ja, manhajar ta ɗago shi ta ajiye a sama inda kowa zai gani. Birkiloli da masu fenti da masu gyaran famfo su tsaya da baƙin kofi a hannu, kowa na jiran ya ji wane lungu na birnin Medellín za a tura shi.

Ita ta kawo wannan tsari. Kafin zuwanta, a ka Don Aicardo yake riƙe ayyuka, kan nasa kuwa yoyo yake kamar kwando. An taɓa fasa banɗakin wata mata aka manta da ita, ta yi wata guda tana wanka a maƙwabta. Da Nubia ta zo sai ta kafa doka ɗaya, ta kuma tsaya kai da fata a kanta: aikin da ba shi da kati, babu shi. Ko ƙusa ba a bugawa sai wayar ma'aikaci ta nuna masa kati, kuma na sama ake fara ɗauka. Tun suna gunaguni har suka saba. Don Aicardo kan nuna ta ga baƙi ya ce, "Ga ƙwaƙwalwata nan. Ni tumbi ne kawai da sa hannu."

Sai dai akwai abin da duk mai riƙe irin wannan allo ya sani, ba ya kuma faɗa da ƙarfi. Idan ka taɓa ranar kati ka tura ta gaba da mako guda, nan take jan zai huce ya koma kore, katin ya sulale ƙasa ya kwanta. Ayyuka kullum sun fi hannuwa yawa, kuma idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Allon da ya yi ja ko'ina bai gaya wa kowa komai ba. Saboda haka kafin taro Nubia kan zauna ta yi tankaɗe da rairaya. Mai gidan da ke kira yana zage-zage, a bar masa ranarsa. Mai haƙuri, a tura tasa gaba. Ita a ganinta wannan ba zalunci ba ne, iya zama da mutane ne.

A cikin masu haƙurin nan babu wanda ya kama ƙafar mai wani kati da ke can ƙasa. Abin da ke rubuce a jikinsa shi ne: ƙarfen dafawa, matakalar Doña Libia, unguwar Santo Domingo. Doña Libia kuwa mahaifiyar Nubia ce.

Gidan Doña Libia a manne yake da ƙirjin dutse. Daga inda bas ke tsayawa sai an hau wata doguwar matakala siririya, wadda marigayi baban Nubia ya zuba shi da maƙwabta, kowace taka da nata tsayin. Gefe ɗaya bango ne, ɗaya gefen babu komai sai rufin kwanon mutanen ƙasa. Tsohuwar ta shekara arba'in tana hawa da sauka a nan, da ciki, da jariri a hannu, da kayan cefane. Bayan Ista gwiwarta ta fara yi mata gardama. Abin da take bukata bai taka kara ya karya ba, ƙarfe ne daga sama har ƙasa wanda za ta riƙa dafawa, aikin kwana biyu ga mai walda. Don Aicardo ya ce kamfani ya ɗauke mata. Nubia da hannunta ta buɗe katin, ta sa masa rana.

Gildardo mai walda, wani dattijo mai ƙonannun yatsu da bakin barkwanci, ya tare ta a bakin ƙofa.

"Doña Nubia, ki bar ni in hau ran Asabar in yi wa tsohuwa abin nan mana. Ba sai ya shiga na'urarki ba. Ta dafa min wake, shi ke nan mun rabu."

"Injin waldar na kamfani ne, motar ta kamfani ce, Asabar ɗin ma ta kamfani ce," in ji ta. "Idan na tsallake layi saboda uwata, gobe kai ma ka zo min da surukarka. Me zan ce maka?"

"Surukata? Ki ce min a'a, in yi miki godiya."

Aka yi dariya, maganar ta wuce. Nubia ta koma kujerarta tana jin kanta mai adalci, kuma gaskiya ne ba ta taɓa fifita kowa ba.

Ran Lahadi takan hau gida. Kullum a wuri ɗaya take tarar da uwar, zaune a bakin ƙofa tsakanin gwangwanayen furanninta, gari duk yana shimfiɗe a ƙarƙashin ƙafarta.

"Mama, kin je coci?"

"Cocin ya zo ya same ni a rediyo. Fadan rediyo ma ya fi namu taƙaita wa'azi."

"Maganar ƙarfen nan, wallahi makon nan ne aka…"

"Wa ya tambaye ki? Zauna ki ci arepa, wainar masarar nan, tun da zafi. Dubi wuyanki, kamar ba a biyan ki albashi."

Duk lokacin da uwar ta katse ta haka, sai Nubia ta ji wani sanyi a ranta, kamar an sauke mata kaya. Da wannan sanyin take sauka, da shi take tura ranar katin washegari. Mayu ya wuce, Yuli ya wuce. Doña Libia ta daina zuwa kasuwa, ta daina zuwa wurin tsofaffin da suke ɗinki tare ran Laraba. Maƙwabta ke hawo mata da cefane. Duk wannan Nubia ta sani, ba wanda ya ɓoye mata.

A watan Oktoba yayanta Wílmar ya kira daga Montería, inda yake sayar da kayan babur. Garin nan shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai, ga zafi, gidansa kuma a ƙasa yake, ko taka ɗaya babu.

"Uwar allo, kina da minti ɗaya, ko sai na buɗe kati?"

"Yaya, ina cikin aiki. Faɗi."

"Kullum kina cikin aiki. Mama ta gaya min rabonta da taka titi tun kafin bikin furanni na watan Agusta. Ke kina gyara wa masu kuɗin El Poblado baranda, uwarki tana ɗaure a kan dutse kamar akuya. Inuwar giginya kenan, na nesa ka sha."

"Kai da ke kusa, sau nawa ka zo bana?"

"Ni ba ni da mai walda a aljihu. Ki saurare ni da kyau. Ranar kyandirori zan zo. Idan na tarar da matakalar nan yadda take, da Mama zan koma. Na riga na gyara mata ɗaki."

"Mama ba za ta bar gidan Baba ba. Zafin garinku kaɗai zai kashe ta."

"To ki hana."

Ya kashe wayar. Nubia ta ji tsoro a karon farko, domin ta san Wílmar ba ya faɗa ya fasa, ta kuma san uwarta ba ta da wata duniya sai wannan gida da waɗannan maƙwabta. Ranar kyandirori, wadda ake kunna kyandir a ƙofofin gidaje, bakwai ga Disamba ce. Ta yi wa kanta alkawari ba za ta sake taɓa ranar katin ba, zai yi ja ya hau sama ya bi doka kamar kowa.

Ya kuwa hau. Wata Litinin cikin Nuwamba, ana ta ruwa kamar da bakin ƙwarya, katin ya fito jawur a saman allo. Don Aicardo ya gyara tabarau ya matsa kusa.

"Kai! Wannan ba mamanki ba ce? Har yanzu? Haba Nubia, ai na ɗauka an gama tun tuni. Gildardo, gobe da safe ka hau."

Bai rufe baki ba wayar ofis ta yi ƙara. Manajar wani otal ce a El Poblado, mace mai murya kamar ana saran kwano. Ƙarfen barandarsu ya girgiza, ran Asabar suna da biki, idan ba a turo mai walda yau-yau ba za ta ba wani kamfani duk ayyukan otal ɗin, ta kuma gaya wa kowa. Kowa a ɗakin yana jin ta ba tare da an ƙara sauti ba. Mai walda ɗaya ne ya rage musu, ɗayan ya tafi Chile neman arziki. Don Aicardo ya share zufa, ya dubi Nubia.

"Ke ce mai allo," ya ce. "Abin da kika yanke."

Ta fita baranda ta kira uwarta.

"Mama, wani aiki ne ya faɗo mana. Mako ɗaya kacal, na rantse."

Tana jin rediyo a bayan uwar.

"Ki yi wa masu gaggawa, 'yar nan. Ni ina za ni?"

Ta koma ciki ta tura ranar. Katin ya yi kore ya sauka. Gildardo ya ɗauki hularsa ya fita.

Aikin otal kuwa, kamar yadda irinsu suka saba, da aka taɓa baranda ɗaya sai ta biyu ta nuna tsatsa, sai ƙofar gareji, sai matakalar bayan kicin. Kowanne manajar ta kira, kowanne ya samu katinsa. Mako ɗaya ya zama biyu.

Ran wata Alhamis da yamma, Nubia tana shirin tashi, Wílmar ya kira. Wannan karon babu zolaya a muryarsa, abin da ya fi tayar mata da hankali kenan.

"Mama ta faɗi a matakala. Ki kwantar da hankalinki, ba ta karye ba."

Ƙawar Doña Libia ce ta rasu, ɗaya daga cikin tsofaffin ɗinkin Laraba, kuma jana'iza ba a jin ta a rediyo. Ta lallaba ta sauka tana dafa bango. A dawowa ruwa ya kama ta, takalmi ya zame a tsakiyar matakala, ta zauna daɓas, gwiwa ta ƙi ɗaga ta. Kowa ya shige gida saboda ruwa. Tana nan zaune ruwa na dukanta, ta laluba jaka ta ciro waya ta kira Wílmar a Montería, shi ya kira maƙwabci aka fito aka ɗauke ta.

"Kai ta kira?" in ji Nubia. "Ina cikin gari, Yaya! Me ya sa ba ta kira ni ba?"

"Na tambaye ta. Ta ce ba ta sani ba ko kina cikin taro."

Nubia ta zauna a kujera ta yi kuka irin wanda rabonta da shi tun rasuwar babansu. Faɗuwar ta ba ta tsoro, amma abin da ya karya mata zuciya shi ne wannan lissafi da uwarta ta yi a cikin ruwa, ta zaɓi ɗan da ke nisan kwana guda a mota.

Washegari ba ta buɗe allo ba. Ta je otal da kanta ta ɗauko Gildardo daga kan tsani, manajar na ihu a bayansu. Suka loda ƙarafa suka hau Santo Domingo. Nubia ta cire takalmin ofis, ita ke riƙe masa ƙarfe yana ɗinkewa, ita ke miƙo siminti. Doña Libia na zaune a sama da bargo a gwiwa tana kallonsu, jefi-jefi ta aiko musu da kofi.

"Doña Libia, yaya tsayin nan?" Gildardo ya ɗaga murya. "Ko in rage? Na ga ba ki ƙara tsawo ba tun bara."

"Kai dai yi aikinka, ɗan nema. Da ka yi tsawon bakinka da ka taɓo gajimare."

Da yammacin kwana na biyu aka gama. Ƙarfe ya miƙe daga bakin titi har bakin ƙofa, an shafe shi da shuɗin fenti, ko ƙato ya jijjiga ba ya motsi. Nubia ta hau da gudu, hannuwanta duk fenti, ta durƙusa gaban uwarta.

"Ga shi nan, Mama. An gama. Yanzu babu inda za ki. Ran Lahadi tare za mu sauka coci."

Doña Libia ta dafa kan 'yarta.

"Na ba da gidan, Nubia."

"Kin ba wa?"

"Ɗan 'yar'uwar Don Ramiro maƙwabci. Ya daɗe yana nema. A daren da na faɗi na aika aka kira shi, muka yi musafaha."

"Musafaha ba takarda ba ce! Gobe zan je in same shi, in ce an fasa. Mama, don Allah. Dubi ƙarfen nan, dubi…"

"Ubanki bai taɓa sa hannu a takarda ba, bai kuma taɓa saɓa maganarsa ba. Da tsufana zan fara?" Ta ja bargon ta gyara. "Ba fushi na yi ba, kar ki ce fushi ne. Da ina zaune a wurin can ruwa na dukana, na ciro wayar, sunanki na fara nema. Sai na ji hannuna ya ƙi dannawa. Na san za ki bar komai ki zo. Na kuma san gobe sai kin biya abin da kika bari, ki yi ta ba mutane haƙuri saboda ni. Duk ran da kika ce min mako mai zuwa, ina jin yadda maganar ke yi miki ciwo a baki, shi ya sa nake tare ki da arepa. Na gaji, 'yar nan. Ni na haife ki, ba na so in zama ɗaya daga cikin ayyukanki."

"Da kin yi min faɗa, Mama. Da sau ɗaya kin ɗaga min murya."

"Ai ban iya ba. Kin san ban iya ba."

Nubia ta kifa kai a cinyar uwarta. Duk abin da ya zo bakinta alkawari ne, alkawari kuwa ta riga ta cinye rabonta.

Wílmar ya iso ranar kyandirori kamar yadda ya faɗa. Ya tsaya a ƙasan matakala ya dubi ƙarfen, ya dubi ƙanwarsa, ya rungume ta. Da magariba yaran unguwa suka jera kyandirori a kowace taka, maƙwabta suka yi ta hawowa da soyayyen cincin suna kuka, kowa da abin da zai tuna wa Doña Libia. Ita ce ma ke rarrashinsu. Furanninta ta raba su gwangwani-gwangwani, ta ce zafin Montería ba zai bar su ba.

Da safe aka sauke akwatuna, aka ɗaure katifa a kan motar Wílmar. Ya hau zai ɗauko uwar a hannu, ta ture shi.

"Sake ni. Da ƙafata na shigo gidan nan."

Ta ja ƙofa ta rufe, ta miƙa wa Don Ramiro makulli. Sannan ta ɗora hannu a kan ƙarfen. Ta fara sauka a hankali, taka ɗaya, ta huta, taka ɗaya. Nubia na biye da ita da hannuwa a buɗe ko za ta zame, amma ba ta zame ba, ko tangaɗi ba ta yi ba. Da wannan ƙarfe za ta iya zuwa coci, za ta iya zuwa ɗinkin Laraba, za ta iya ƙara shekara goma a gidanta. Nubia na gani da idonta, kowace taka na tabbatar mata, hawaye na zuba ba ta ko share su.

A taka ta ƙarshe Doña Libia ta tsaya tana mayar da numfashi. Ta shafa ƙarfen da tafin hannu, ta ɗan jijjiga shi, ta gyaɗa kai.

"Aiki ya yi kyau, 'yar nan. Ki gaya wa Gildardo na yaba." Ta saki ƙarfen, ta kama hannun Wílmar. "Masu shigowar suna da tsohuwa, ita ma gwiwa ke damunta. Za ta ji daɗinsa."